Wa Ake Yi wa Waƙar Nan?

Talata, 15 ga Mayu 2007, bayan magariba

Mudasiru bai kwana a ɗaki ba jiya, yau ma har yanzu shiru. Katifarsa na nan a naɗe jikin bango yadda ya bar ta, silifas ɗinsa na wanka na bakin ƙofa. Na kira lambarsa har yatsana ya gaji. Tana shiga, ba a ɗauka.

Ni ba mai rubuta abin da ke cikina ba ne. Littafin nan na saye shi ne don koyon Larabci, na ɗan taɓa na watsar. Amma a ɗakin nan namu na unguwar Fereej Abdel Aziz a Doha mu shida ne, ba inda mutum zai juya ya yi magana shi kaɗai, kuma in ban gaya wa takarda ba kaina zai fashe.

Mudasiru ƙanin matata Haulatu ne. Ni na nemo masa biza, ni na ɗauko shi a filin jirgi bara, ni na durƙusa gaban surukata a Kadawa na ce, "Inna, ki bar min shi, amana ce." Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa min.

Malam Ɗalhatu, babbanmu a ɗakin, ya ce in kwantar da hankalina, yaron direba ne, ƙila maigidansa ya tafi da shi wani gari. Na ce to. Ban gaya masa abin da ya sa na san ba haka ba ne.

Laraba, 16 ga Mayu, lokacin hutun azahar

Kafil ɗinsa ya kira ni, wato maigidan nasa, mutumin da bizar Mudasiru ke hannunsa. Ya ce tun safiyar Litinin suka tarar da motar a ƙofar gida, an wanke ta tas, mukulli a kan kujera, wayar Mudasiru a gefen mukullin. Wato duk kiran da nake yi, kujerar mota nake kira.

Bai yi min ihu ba, kuma wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. A hankali ya ce min ya ba ni zuwa Lahadi ta sama. In yaron bai dawo ba zai kai rahoto cewa ya gudu, khalas, shi ke nan.

Kowa a nan ya san abin da wannan ke nufi. Da zarar an rubuta mutum a masu gudu, duk inda ɗan sanda ya gan shi kamu ne, sai wurin tsarewa, sai jirgi, kuma wanda ya ba shi wurin kwana ma ya shiga uku. Wannan kenan in yana raye. Zafin da ake yi yanzu, in ka taɓa ƙarfen ƙofa da rana sai ka yarfe hannu. Ba waya, ba mota, ban ma sani ba ko da ruwa a hannunsa.

Na tambaye shi ko wani abu ya haɗa su ranar Lahadi. Ya ce, "Ka tambaye shi in ka gan shi."

Alhamis, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Bari in rubuta zancen faifan, don tun jiya shi ke yawo a kaina.

Ɗan maigidan nasa yana karatu a Turai. Da ya zo hutu ya bar wani faifai a motar, irin wanda ake kwafa a kwamfuta, ba suna ba hoto. Mudasiru kuwa rabin aikinsa jira ne: a ƙofar makaranta, a ƙofar kanti, a ƙofar gidan ƙawayen Madam. Sai ya riƙa sa faifan don ya ji motsin mutum. Da ya saba da shi, ya kawo ɗaki.

Ranar farko mun sha dariya. Kiɗan jita ne da ganga, muryoyin samarin Turawa a shaƙe kamar masu mura. Hambali, mai katifar kusa da esi, ya ce waɗannan a ba su tuwo kafin a ba su makirufo. Amma Mudasiru ya ce, "Yaya Surajo, kai da ka yi karatun Turanci, me suke cewa?"

Ni kuma da son a sani. Na yi kwalejin horon malamai, a ɗakin nan Malam Turanci suke ce min, rabi girmamawa rabi tsiya. Sai ya zama duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci an ci shinkafa da wake, a kunna faifai a 'yar rediyon Hambali, in tsayar, in fassara, in ƙara gishiri inda na ga ya yi lami.

Akwai ta mutumin da ya ajiye wayarsa a kan benci ya yi tafiyarsa, amma yana ta jin tana kaɗawa a aljihunsa. Akwai ta wanda in ya dawo gida ba mai yi masa sannu da zuwa sai gurnanin firji. Akwai ta birnin da ba a kashe fitilu, har tsuntsaye suka manta lokacin barci. Duk ba soyayya, ba kirari, ba a ambaci sunan kowa ba. Mutane ne da na'urori suka kewaye, suna ƙorafi cikin ladabi.

Ban ga abin tsoro a ciki ba a lokacin. Abin hira na ɗauke shi.

Juma'a, 18 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

An ci abinci, ba wanda ya kalli rediyon. Hambali ya ɗora tawul a kanta.

A masallaci na bi sahu sahu da ido. Duk baƙar ƙeyar da na hango sai gabana ya faɗi.

Ga abin da na yi. Wata biyu da suka wuce maigidan ya sa wa motar wata na'ura mai nuna inda take. Yana zaune a ofis yana ganinta a kwamfuta. Mudasiru ya tsaya yin sallar la'asar a gefen hanya, kafin ya sallame waya na ƙara: me ya tsayar da kai a nan? Ya ratse sayen ruwa, waya. Ya bi wata hanya don gudun cunkoso, waya. Tun yana ba mu labari da dariya har ya daina ba mu.

A wannan tsakanin muka kai kan wata waƙa. Mawaƙin yana cewa shi ɗan ɗigo ne mai tafiya a kan taswira, wani a nesa yana kallon ɗigon, shi kuma bai san fuskar mai kallon ba. Ya ce in ɗigon ya tsaya sai a zo a duba na'ura, ba a zuwa a duba shi. Na fassara tiryan-tiryan, har ina jin daɗin yadda Hausar ta zauna.

Mudasiru ya ce, "Yaya, wa ake yi wa waƙar nan?"

Tambaya ce ta ɗan gida. A wurinmu ba a waƙa a iska. Mawaƙi ko ya kira sunan wanda yake yi wa, ko ya ƙi kira, in kuwa ya ƙi kira to habaici ne, kowa sai ya duba jikinsa. Haka muka tashi muka gani a gidan biki da dandali. Da ina da hankali da na ce masa waɗannan mutanen ba haka suke yi ba.

Sai na ce, "Kai mana. Duk ɗakin nan wa ke da ɗigo a taswira in ba kai ba?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "To ina suka san ni?" Hambali ya ce, "Ai Bature ba abin da bai sani ba." Aka sake dariya. Daga ranar ya daina barin faifan a ɗaki, kullum yana aljihunsa. Wannan karon ne kawai ya bar shi, a ƙarƙashin filo.

Juma'a, bayan magariba

Haulatu ta kira. Ta ce, "Baban Firdaus, ina autan Inna? Kwana biyu ba ya ɗaukar waya." Na ce wayarsa ce ta lalace, kuma aiki ya yi masa yawa. Ta ce in gaishe shi, in ce masa albasar bana ta yi kyau, Inna ta ce da yana nan da shi zai tsince mata.

Na ce zai ji.

Asabar, 19 ga Mayu, da safe

Shiru.

Lahadi, 20 ga Mayu, bayan an tashi aiki

Aikina kallo ne. A wani dogon bene a unguwar West Bay, a ɗaki marar taga, ina zaune gaban allunan kyamarori daga safe zuwa yamma. Ƙofar gaba, wurin ajiye motoci, lifta, matattakala. Dokar ɗakin guda ce: ba a tashi daga gaban allo sai wani ya karɓe ka. Ogan namu yana zaune a bayana, numfashinsa a wuyana.

Da ina alfahari da aikin nan. Sanyin esi, kujera mai juyawa, wasu na can ƙofa rana na gasa su. Yanzu duk wanda ya gifta a allo sai na matso da hoton in duba tafiyarsa. Mudasiru yana ɗan jan ƙafar hagu tun faɗuwar da ya yi daga kan amalanke yana yaro. Yau na ga masu jan ƙafa har na rasa ko idona ne ke ƙirƙiro su.

Kyamarar ƙofar gaba kuwa ba na son kallonta. Ba zan rubuta dalili ba.

Litinin, 21 ga Mayu, bayan isha'i

Mako guda kenan. Malam Ɗalhatu yana tuƙa bas ɗin ɗalibai, da ya tashi ya zagaya da ni. Mun je asibiti, aka duba, ba sunansa. Ma'aikacin asibitin ya ce ko za mu duba ɗaya wurin, na gawarwakin da ba a san ko na waye ba. Malam Ɗalhatu ya shiga, ni na tsaya a waje. Da ya fito ya girgiza kai ya ce, "Alhamdu lillahi, ba ya ciki." Na zauna a kan dakalin wurin na kasa tashi.

Daga nan na ce mu bi bakin teku. Ya ce me ya sa? Na ce a waƙar, mutumin da ya bar wayarsa bakin ruwa ya nufa. Ya dube ni ya ce, "Surajo, kai ma ka fara?"

Mun bi duk da haka. Mutane na ta motsa jiki da wayoyi a kunne, fitilun benaye na rawa a kan ruwa. Na leƙa ruwan sau ɗaya, ban sake ba.

Talata, 22 ga Mayu, kafin fita aiki

Wayata tana kan caji a bango, amma na ji ta kaɗa a aljihuna. Na sa hannu, ba komai.

Laraba, 23 ga Mayu, bayan magariba

Na ari rediyon Hambali na hau saman rufin gidan, wajen tankunan ruwa, na saurari faifan daga farko. Ina neman inda ya nufa a bakin mutanen da ba su taɓa jin sunan Kadawa ba. Na san wauta ce. Ba ni da wata hanyar.

Abin da na lura, duk waƙoƙin ba wanda ya tsira. Mai firji yana nan da firjinsa. Mai ɗigo bai daina zama ɗigo ba. Ba sa cewa a fasa na'ura, ba sa cewa a gudu, sai dai su faɗi ciwon su yi shiru, jita ta ƙarasa. Mu kuwa in mawaƙi ya faɗi ciwo yakan faɗi magani, ko ya ce a yi haƙuri, ko ya kai ƙara wurin Allah. Yaro ya ji an zayyana ciwonsa kaf ba a ba shi magani ba, ya tashi ya nemi nasa.

Ta ƙarshe ban saurara ba. Ita ce ban taɓa fassara musu ba. Ranar da muka kai kanta na ce kiɗan ya danne maganar, ba na ji sosai. Ƙarya ne, ina ji rangaɗaɗau.

Alhamis, 24 ga Mayu, da azahar

Kafil ya turo saƙo, kalma ɗaya: Lahadi.

Juma'a, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Malam Ɗalhatu ya gaji da ganina da rediyo a kunne. Ya ce cikin ɗaliban da yake ɗauka akwai wata 'yar Kano, Kausar, tana digiri na biyu, kullum da abin sauraro a kunnenta, ƙila ta san irin kiɗan. Ya roƙe ta, ta yarda mu haɗu a wani shagon shayi kusa da masaukinsu.

Na ji kunya. Ƙato da ni, na zo wurin yarinya da faifai a hannu kamar mai neman fassarar mafarki. Amma ba ta yi min dariya ba. Ta sa a kwamfutarta ta ɗan saurara, ta ce ta san irinsu, indi rok ake ce musu, samari ne da ke haɗa kiɗansu da kansu ba babban kamfani a bayansu.

Na ce, "Malama, don Allah, wa suke yi wa?"

Ta ce, "Ba kowa, Malam Surajo. Kansu suke yi wa. Yaro ne a wani gari mai sanyi, ya tashi cikin kwamfuta da waya da talabijin, yana jin kamar sun fi shi rai, sai ya ɗauki jita. Bai san Doha ba, bai san ƙaninka ba."

Na ce to ya aka yi ta zauna masa daidai kamar an auna?

Ta ce, "Saboda wayar da ke aljihun yaron can ita ce a aljihun ƙaninka. Ni ma akwai wadda in na ji sai in rufe kwamfuta in fita waje."

Sannan ta ce in daina bin waƙoƙin da suka tsorata shi. "Wacce ya fi so? Wacce in an sa yake sakin fuska? Mutum ba ya gudu zuwa abin da yake tsoro." Na yi ta tunani na kasa tunawa. Duk Juma'o'in nan bakina nake saurare, ban kalli fuskar yaron ba.

Juma'a, bayan isha'i

Haulatu ta ce, "Baban Firdaus, ka ba shi wayarka mu gaisa." Na ce ya fita. Ta ce, "Ranar Juma'a ma?" Sai ta ce, "Surajo." Tunda aka ɗaura mana aure ba ta taɓa kiran sunana ba.

Na gaya mata. Ba ta yi kuka a kunnena ba. Ta ce ba za ta gaya wa Inna ba sai Lahadi, daga nan kuma ni zan gaya mata da bakina, tunda da bakina na karɓe shi.

Ina jin tsoro. Ya Allah, ina jin tsoro.

Asabar, 26 ga Mayu, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi ina gaban alluna, oga ya buɗe abincinsa a bayana, burodi da ƙwai da ɗanyar albasa. Ɗakin nan ba ya warin komai sai sanyin esi, sai ga warin albasa ya cika shi. Nan take na tuna.

Akwai wata waƙa a tsakiyar faifan, mai sanyi. Mawaƙin yana cewa ya ga teku a allo, ya ga daji a allo, ya ga fuskar uwarsa a allo, amma duk abin da ke bayan gilashi ba ya ƙamshi. Ranar da na fassara ta Mudasiru ya yi murmushi ya ce, "Wannan ya yi gaskiya. Garin nan kaf ba ya wari ba ya ƙamshi, sai kasuwar Abu Hamour. In na kai kuku sayen kayan miya, Yaya, wajen 'yan albasa nake tsayawa in rufe ido, sai in ji ni a Kadawa." Har Hambali ya ce a saya masa buhu guda ya riƙa filo da shi.

Na miƙe. Oga ya ce ina za ka, wa ya karɓe ka? Na ce ba kowa. Ya ce in na fita ƙofar nan in san abin da zai biyo baya. Na ajiye masa rediyon aiki a kan tebur na ce khalas. Lifta ta yi min nawa, ta matattakala na sauka.

Kasuwar ta cika, masu tura baro na ta ihun yalla yalla a ba su hanya, ƙasa duk ganyen kabeji da ruwan tumatir. Na wuce 'yan lemo, na wuce 'yan dankali. Can ƙarshen rumfar albasa, bayan buhunan da aka jibga, na hango mutum a tsugune ya ba ni baya. Yana ɗaukar albasa ɗaya ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, mai kyau dama, mai taushi hagu. Duk Kadawa haka ake yi, amma ba wanda ke karkatar da kai gefe in yana yi sai shi.

Ya rame. Rigar da ya fita da ita ce a jikinsa. Mai rumfar, wani dattijo ɗan Sudan, ya ce yaron ya zo ne ya zauna kawai, da aka kwana biyu ya fara tsince masa albasa ba wanda ya sa shi, shi kuma yana ba shi abinci yana barinsa ya kwana bayan buhuna. Ya ce ya tambaye shi lambar wani nasa, yaron ya ce shi ba shi da lamba.

Na tsuguna a gabansa. Na ce, "Mudasiru."

Ya ɗago ya dube ni, ba mamaki a fuskarsa. Ya ce, "Yaya, ka gan ni ranar?"

To, ga abin da na ƙi rubutawa. Safiyar Litinin ɗin da ya ɓace, ya zo ƙofar benenmu. Ya tsaya a rana daidai ƙarƙashin kyamarar ƙofar gaba, ya ɗaga kai yana kallonta, don na taɓa nuna masa ita na ce ta nan nake ganin kowa. Ya daɗe a tsaye. Oga na bayana. Na ce a raina bari a karɓe ni da azahar in sauka. Kafin azahar ya tafi.

Na ce, "Na gan ka."

Ya ce, "Na ɗaga maka hannu."

Na ce, "Na gani."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wata albasar ya danna. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Na ɗauka na'urar ce ta daina nuna ni."

Ban san lokacin da na rungume shi ba. Warin albasa da zufa, wallahi ban taɓa jin abin da ya fi shi daɗi ba. Mutane suka taru, dattijon yana kora su. In an tambaye ni zan ce albasa ce ta sa ni hawaye.

Yanzu yana kwance a katifarsa. Malam Ɗalhatu ya dama masa kunu. Na kira Haulatu, na sa masa wayar a kunne, ya kau da kai. Sai na riƙe ta nesa da shi, ta yi ta kiran sunansa, shi kuma ya amsa daga inda yake.

Lahadi, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Mun je wurin kafil ni da Malam Ɗalhatu, Mudasiru a tsakiyarmu. Da muka iso ƙofar gidan ya ga motar, ya ja ya tsaya, sai da na riƙe hannunsa. Hannun sanyi ƙalau a wannan zafin.

Mutumin ya dube shi ya daɗe. Ya ce ba zai kai rahoto ba. Ya ce in yana so ya ci gaba da aiki, amma na'urar tana nan, don motarsa ce. Mudasiru ya ce, cikin ɗan Larabcinsa, gida yake so. Kafil ya ce zai sa hannu a takardar fita.

Abin da ya faru tsakaninsu waccan Lahadin, ba wanda ya ɗago shi. Na tambayi Mudasiru a hanya, ya ce, "Na tsaya ne kawai, Yaya. Ban san me ya sa na tsaya ba. Waya ta yi ta ƙara." Bai ƙara ba, ban matsa ba.

Talata, 29 ga Mayu, bayan an tashi aiki

Ba su kore ni ba. Sun ba ni takardar gargaɗi, sun cire ni daga ɗakin kyamarori sun mai da ni ƙofar gaba. Yanzu ni ke tsaye a rana, wani yana can sama yana kallon tsakiyar kaina. Ban san ko waye ba, sabo ne.

Har yanzu tsoron bai sake ni ba. In na farka sai na miƙa hannu na taɓa katifarsa. Ba ya barci sosai, kuma in wayar wani ta yi ƙara a ɗaki sai ya zabura. Duk mun mai da wayoyinmu shiru, har Hambali mai sa waƙar Indiya a tasa.

Juma'a, 8 ga Yuni, bayan la'asar

Jirginsa gobe da safe. Inna ta ce a gaya masa rumbun albasa na jiransa. Malam Ɗalhatu ya ce in ya isa a kai shi asibiti a duba shi, a haɗa da addu'a, kuma na gaya wa Haulatu haka.

Bayan mun ci abinci, Mudasiru da kansa ya cire tawul daga kan rediyon. Na ce a bar faifan nan haka, Malama Kausar ta ce ba kowa ake yi wa ba, yaran can da kansu suke. Ya ce ya ji, na gaya masa ya fi sau nawa. Ya ce, "Saura ɗaya, Yaya. Ta ƙarshe. Ka ce ba ka ji, amma na ga fuskarka ranar."

Sai na fassara, ban sa gishiri ba, ban rage ba.

Mutum ne a wani ɗaki can sama, gaban gilashi. Yana ganin titi duka, yana ganin mutane ƙanana kamar tururuwa, ya san lokacin fitar kowa da lokacin dawowarsa. Ya ce ba abin da ke wuce shi. Wata rana wani ya tsaya a ƙasa yana ɗaga hannu, shi kuma ya ce bari in gama kallo tukuna. Waƙar ba ta ce ya sauka ba. Jita ce kawai ta yi ta tafiya har ta mutu.

Hambali yana kallon ƙasa.

Mudasiru ya ce, "Wannan kuma wa ake yi wa?"

Na san amsar Malama Kausar, kuma na san ita ce gaskiya. Amma na ce, "Ni."

Ya cire faifan ya juya shi a hannu, ya ajiye a kan katifata. Ya ce, "A'a, Yaya. Ba su san ka ba. Ai kai ka sauko."

Na tashi na fita wajen famfo na yi alwala, ko da yake da sauran lokaci kafin magariba.